Ranar Da Kunun Inna Ya Tashi

Ina roƙon a yi mini haƙuri tun daga farko, domin zancen da na zo da shi a wannan wata zai ratsa ta ƙofar gidan giya. Ni dai ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ban zo koya wa kowa dafa ta ba, hukuncinta a wurinmu sananne ne. Amma abin da ya faru a gidanmu cikin azumin 1994 ba zai faɗu ba sai an ambaci bilbil da mai dafa ta, kuma yau fiye da shekara talatin ke nan ina riƙe da wani ɓangare na labarin ni kaɗai.

Gidanmu yana nan Kilomita Biyar, wadda kowa ke ce wa Sankilo, can ciki bayan kasuwa, a wani lungu da mota ba ta shiga. Yaran da aka haifa bayan rikici suna zaton tun asali Musulmi ne kaɗai a unguwar nan. Ba haka ba ne. A lungunmu akwai Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Cadi, kuma a tsakaninsu akwai Gbaya da Banda da Yakoma, kowa na jin ƙamshin miyar kowa. Katangarmu ta baya ɗaya ce da ta wata mata Kirista, mutuniyar arewa daga wajen Paoua, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Mu yara Mama muke ce mata. Su kuwa ita da Inna suna kiran juna "ita", wanda da Sango yake nufin 'yar'uwa, har Baba yakan yi dariya ya ce wannan suna ya yi wa Bahaushe daidai, ga shi kira ga shi kuma sakaya suna. Sana'ar Mama dafa bilbil, watau burkutun jar dawa. Sana'ar Inna kunun zaƙi. Ni ce 'yar fari, ni ce mai talla, shekaruna goma sha uku a lokacin.

Ga wanda bai taɓa tsayawa a madafa ba, bari in faɗi yadda Inna take yin nata. Za ta jiƙa gero, ko dawa idan gero ya yi tsada, ya kwana, a wanke a kai inji tare da citta da kanumfari da busasshen dankali. Idan ƙullu ya dawo sai ta raba shi biyu, babban kashi da ƙarami. Babban za ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ta dama, ya yi kauri kamar koko. Ƙaramin kuwa ɗanye ake barinsa, a haɗa shi da niƙaƙƙen tsiro, watau hatsin da aka jiƙa aka rufe har ya fito da ƙananan saiwoyi sannan aka shanya. To a nan gwanintar take. Ba a zuba ɗanyen a cikin dafaffen sai ya sha iska, kuma ba a bari ya huce sarai. Idan aka dace da lokacin, da asuba za ka tarar wannan kauri ya tsinke, ya koma ruwa-ruwa, ga wani zaƙi da ba na sukari ba. Sai a tace, a ɗan ƙara sukari, a fita talla. Inna ba ta da agogo ba ta da ma'auni, bayan hannunta take karawa a jikin tukunya ta ce "yanzu".

A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Farankan Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya wayi gari sefa 100, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, sukari yana cikinsu. Wata guda bayan haka, a tsakiyar Fabrairu, azumi ya kama, cikin zafin nan na ƙarshen rani. Inna ba ta so ta ƙara kuɗin kofi daga dala biyar, sai ta ƙara yawan tsiro domin zaƙinsa ya rage mata sayen sukari. Ana cikin haka wani Alhaji mai shagon atamfa ya aiko da kuɗi, yana son jarka biyu manya kullum na kwana goma, sadakar buɗa-baki a masallacin lungunmu. Ba mu taɓa samun ciniki irin wannan ba. Inna ta lissafa, ta ga kayan Sallarmu mu shida a ciki.

Tukwanenmu ba za su ɗauki wannan yawa ba, saboda haka Baba ya sayo rabin duro a kasuwa aka wanke shi tas. Ranar farko Inna ta dama bayan sallar asham. Aka jira ya sha iska, ya ƙi. Saman ya yi fata, amma da an tsoma ludayi sai tururi ya taso kamar yanzu aka sauke. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, Inna ga gajiya ga girkin sahur yana jiranta, sai ta ce, "Ke, zan ɗan kishingiɗa. In ya yi yadda kika sani, ki zuba ki juya sosai har ƙasa." (Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya, kunyar ɗan fari.) Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ga ya yi. Na zuba, na ɗauko muciyarmu, sai na ga ba ta kai rabin duron. A bayan katanga kuwa, a jingine, ga doguwar muciyar Mama wadda take juya nata da ita, kanta ya leƙo ta gefenmu. Na taka turmi na jawo ta. Na ɗauraye ta da ruwa ɗaya, na juya kunu, na mayar da ita inda take. Sannan saboda tsoron ɓera da kyankyaso na kife faranti a bakin duron na ɗora dutse.

Da safe aka tace, yana nan da ɗuminsa, muka ɗura a jarkoki muka murɗe murfi. Ga shi rana ce ta azumi, babu mai ɗanɗanawa. Jarkokin suka wuni a zaure. Da la'asar na lura cikinsu ya ɗan kumbura, ban ce komai ba. Ni da ƙanena muka tura su a baro zuwa masallaci.

Ina tsaye daga nesa lokacin da ladan ya buɗe ta farko. Sai da ta yi tsaki kamar kwalbar lemo, kumfa ya biyo bakin jarka ya zubo a tabarma, wani wari mai tsami-tsami ya tashi. Wani dattijo ya sunsuna ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi! Wannan ai bilbil ce." Kalma ɗaya ke nan, kafin a idar da magariba ta zaga lungu. Aka ce ai dama katangarsu ɗaya. Aka ce ai tukunya ɗaya suke dafawa. Har aka samu wadda ta rantse ta daɗe tana jin jiri in ta sha kunun Inna.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya tura baron da kansa zuwa bakin kwata ya tuntsurar da jarkokin a gaban mutane, ya mayar wa Alhaji kuɗinsa, har da wanda aka riga aka sayi hatsi da shi. Ya ce ba a ƙara dama kunun sayarwa a gidansa sai abin da hali ya yi. A shekarar da tsofaffin kaya muka yi Sallah. A makarantar allo yara suna ce mini 'yar mai bilbil. Inna takan zauna ta yi shiru, can ta ce, "Shekara ashirin ina damu, me na yi wa kunun nan?" Ina jinta, bakina ya ƙi buɗuwa.

Kwana uku bayan Sallah sai ga Mama ta ƙofar gida. Ba ta taɓa shigowa ta nan ba, kullum ta kan katanga ake magana. Ta durƙusa a zaure ta gaida Baba, ta ce, "Malam, a ba ni izini in ga abin da aka dama a ciki." Aka nuna mata duron. Ta zura hannu har kafaɗa, ta girgiza kai, ta dubi Inna ta ce, "Ita, rijiya kika dama a ciki. Abu mai zurfi ba ya hucewa, riƙe zafi yake yi kamar mai riƙo a zuci. Ga tsiro kin ƙara, ga murfi an kife, ga jarka an toshe da ɗuminsa. Ni da nake so nawa ya tashi, abin da nake yi masa ke nan."

Washegari Baba ya yarda Inna ta tsaya a kan turmi ta kalli yadda Mama take sauke nata, ni ma na leƙa ta gefenta. Aikin bilbil doguwar hanya ce: a tsirar da dawa kwanaki, a shanya, a niƙa, a kwaɓa da ruwa, a kwashe ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, a sake haɗa su su kwana su yi tsami, a tace, sannan a yi ta tafasawa awa da awanni. Abin da yake cikin duro a wannan lokaci ruwan tsiro ne kawai, ja, mai zaƙi, ba ya bugarwa, 'ya'yanta ma suna sha (mu dai Baba ya ce ko kusa). Ba ya zama giya sai ya huce an zuba masa iri daga tsohon dahuwa ya kwana. To tsakanin saukewa da zuba irin nan, a nan na ga Mama ta zama wata daban. Ta kori yara da kaji daga tsakar gida. Ta janye itace, ta sa takalmi, ta ɗaure zane sama. Ba ta karkata duro, ko da wasa. Da bokiti mai dogon hannu take ɗiba, rabi-rabi, tana kai wa wasu manyan darurruka uku masu faɗin baki da ta jera a inuwa inda iska ke ratsawa, kuma ba ta cika kowanne ya wuce tsawon yatsa biyu a haɗe. Ta nuna mana wani tabo daga wuyan hannunta har gwiwa, ta ce ruwan zafi yana ƙona mutum ya wuce, amma ruwa mai zaƙi manne wa fata yake yi. Daga nan ta ɗauki ƙwarya tana ɗiba tana sheƙawa daga sama, daro bayan daro, ita da babbar 'yarta, har tururi ya daina tashi. Ta ɗiga a cikin gwiwar hannunta. Ta ce idan ya kai yadda za a yi wa jariri wanka da shi, ya yi mata. Ga Inna kuwa ta ce, "Naki tun da sauran zafi za ki zuba tsiro, lokacin da yatsa zai shiga amma ba zai iya zama ba. In ya tsinke, ki raba shi a faffaɗan mazubi ya huce da wuri, ki yafa masa ƙyalle mai shara-shara. Kada ki kife masa murfi, gumin murfi komawa ciki yake yi."

Baba yana zaure yana jin komai. Da dare ya ce wa Inna ai wannan ba baƙon zance ba ne, a Risala ma an yi hani da jiƙa tsimi a cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta, kuma malaminsu ya ce dalili shi ne irin waɗannan mazubai suna gaggauta tashin abin sha. Ya sayo wa Inna darurruka biyu sababbi. Ya kafa doka: magana ta ƙetare katanga, amma ko cokali kada ya ƙetaro. Sai da aka yi kusan wata huɗu kafin masu sayen kununmu su dawo, wasu ma ba su dawo ba har abada.

A cikin makon nan Mama ta tare ni a hanyar famfo, ta kama kunnena ba da ƙarfi ba. Ta ce, "'Yata, na tashi da asuba ranar nan na tarar da muciyata a jiƙe, da ƙamshin kanumfari. Ni ba na sa kanumfari." Na fashe da kuka. Ta ce itacen muciyar nan ya shekara goma yana shan bilbil, irin yana cikin tsagoginsa, ruwa ɗaya ba ya fitar da shi. Ta ce ba za ta faɗa ba, domin in Malam ya ji zai ƙara wa katanga tsawo, ita kuwa ba ta da wata 'yar'uwa a Bangui sai Inna. Abin da ta faɗa a kan duro gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ne.

Sai da ɗana ya yi karatun kimiyya sannan na samu lissafin abin da matan nan biyu suke aunawa da fatar hannu. Ya ce a cikin tsiro akwai wani sinadari mai narkar da kaurin hatsi ya mayar da shi sukari, ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70, in zafi ya haura 80 kuwa ya lalace. Shi ya sa wadda ta yi gaggawar zubawa takan wayi gari da koko. Shi kuma yis, watau irin da Mama take zubawa, tafasasshen ruwa kashe shi yake yi, amma a wajen digiri 30 ya samu sukari, to ya samu gida. Ƙwayoyin da suke kawo tsami su ma ɗumi suke so. Saboda haka duk abin sha mai zaƙi da ya daɗe yana jan ƙafa tsakanin zafi da sanyi, rabon wanda ya riga shiga ne. Ya ce Pasteur ɗin nan da aka sa wa cibiyar binciken cututtuka ta Bangui sunansa, littafi guda ya rubuta a kan giya a 1876, yana nuna cewa ƙananan halittu ne suke lalata ta. Kafin shi ma, a 1856, wani Bafaranshe mai suna Baudelot ya ƙera na'urar da ruwan tsiro yake gangarowa a bayan bututun tagulla alhali ruwan sanyi yana bi ta ciki. Ya nuna mini a waya yadda masu dafawa a gida a Turai da Amurka suke tsoma naɗaɗɗen bututu a tukunya su saukar da zafin zuwa digiri 20 cikin kamar rabin awa. Na ce to su da suke da ruwan sanyi a famfo. Ya tsoma ma'auninsa a gugan rijiyarmu, ya tsaya a 26. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hoton wasu masu dafawa a kusa da Brussels ta Beljiyam, waɗanda har yau suke juye nasu a wani faffaɗan faranti marar zurfi a saman bene, su buɗe tagogi ya kwana, kuma a watannin sanyi kawai suke yi. Na ce wannan ai daron Mama ne aka yi wa gini.

Mu a nan ko iskar ba ta taimakonmu sosai. Inna, wadda aka kawo ta amarya daga Kano ta Garwa da Ngawundare, har ta tsufa tana ƙorafin randar Bangui ba ta sanyi irin ta gida. Ashe laimar da ke cikin iska ce take hana jikin randa tsotsewa. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga 'yan matan yanzu suna ɗura kunu da zoɓo da zafinsu a gorar roba, su murɗe, su jefa a firji, suna dogara da wutar da ba ta da alkawari. Robar ta motse, firjin ya ɗumame, wuta ta ɗauke ƙarfe biyu na dare, da rana a ba yaran mutane.

Baba ya rasu a 2009. A ranar 5 ga Disamba 2013 abin da kowa ya sani ya faru, ba sai na tayar wa masu karatu da miki ba. Kwana biyu bayan haka, da sassafe, muka ji ana ƙwanƙwasa katanga. Mama ce, za su gudu sansanin filin jirgin sama na M'Poko da abin da kai zai iya ɗauka. Ta miƙo darurrukan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ita, ajiye mini." Inna ta karɓa ba ta ce komai ba a kan dokar Baba. Ta kife su a ƙarƙashin gadonta, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Gidan Mama kuwa kafin wata ya ƙare babu kwano babu ƙofa, kuma ba baƙi ne suka kwashe ba.

Inna ta rasu a damina ta 2015, lokacin da ba mu da hanyar zuwa maƙabartar Boeing, a cikin unguwa aka rufe ta. Na yi jinyarta wata biyu. Sau uku ina buɗe baki in faɗa mata zancen muciya, sau uku ina fasawa. Ƙannena ma a wannan shafi za su fara ji.

A 2017, bayan an tashi sansanin, na samu labarin Mama tana Bimbo wurin babbar 'yarta. Na ɗauki tasi na ɗaure darurrukan a baya, na riƙe gorar kunu da na dama da kaina. Na tarar ta tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya tafi, ta daina dahuwa tun a sansani. Na gaya mata rasuwar Inna, muka yi kuka tare. Ta shafa darurrukan ɗaya bayan ɗaya, ta gane wanda ya lotse a gefe, ta ce 'yarta ta shigar da biyu ciki, na ukun in koma da shi. Na ce, "Mama, kin san dokar Malam." Ta ce shekara huɗu yana kife a ƙarƙashin gadon mai salla, in kuma ina shakka in tafasa ruwa in ƙona shi, ba itace ba ne. Sannan ta karɓi kunun ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce na yi gaggawar zuba tsiro, in riƙa ƙara masa kamar minti goma.